Jinin Shugaba

Mijina shi ne shugaban ƙungiyar masu ba da jini kyauta ta unguwarmu, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ba da ko ɗigo ɗaya ba. Daga ni sai Allah muka san haka. Mutum ne wanda idan wuƙa ta yanke ni ina yanka albasa, nan take zai tuna yana da wani aiki a waje. A shagonsa na fenti ma, in mai saye ya ce a buɗe masa ja ya gani, sai ya buɗe gwangwanin yana kallon silin. Tsoro ne irin wanda ba ya jin lallashi. Da ya ga jini gumi zai karyo masa.

Amma fa a ba shi haƙƙinsa, wayarsa ba ta mutuwa. Ko yana tsakiyar cin abinci aka kira daga asibiti, zai ajiye cokali ya zari makullin tsohuwar motarsa, ya bi gida gida ya kwaso masu bayarwa, ya kai su har ƙofar ɗakin ɗibar jini. Nan ne iyakarsa. Sai ya zauna a bencin waje da ledar lemo da madara a cinya yana jiran su fito. In sabon shiga ya fara ɗari-ɗari, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba, cizon sauro ne, kafin ka ce wash an gama." Maganar ta bi bakin kowa a ƙungiyar. Ba wanda ya taɓa tambayarsa yaushe ya bayar, don kowa ya ɗauka ya bayar ne ranar da shi ba ya nan. Shi kuma bai taɓa cewa ya bayar ba, bai kuma taɓa cewa bai bayar ba.

Dalilin kafa ƙungiyar kowa ya sani, ko in ce sun san rabinsa. Ƙanwarsa, Autar gidansu, ta rasu wajen haihuwa tun muna sabon aure. Jini ne ya ɓalle mata, ba a samu na ƙara mata da wuri ba. Rabin da ba su sani ba shi ne jininsu iri ɗaya ne shi da ita, irin mai wuyar samun nan, O negetif, kuma ya san da haka. Da likita ya ce ana neman jini, mijina bai naɗe hannun riga ba, fita ya yi da gudu neman wanda zai bayar. Kafin ya dawo da mutum an riga an rufe mata fuska. Ni da shi ba mu taɓa zama mun yi wannan maganar ba.

Ni kuwa bakina ba shi da linzami, na sani. A waje in mata suka ce mini, "Mijinki jarumi ne, Allah ya saka masa," sai in yi murmushi in ce amin, kunya tana cina kamar wadda ta ɗaura zanen aro mai zanen tana kallonta. In na dawo gida sai in huce a kansa. Yana zaune zan ce, "Shugaba, ga sauro a ƙafarka, ko in kira nas ta riƙe ka?" Sai ya yi yaƙe ya ce, "Maman yara ke nan." Bai taɓa ramawa ba, kuma rashin ramawar ya fi komai ba ni haushi.

Maganar shafin intanet ta taso ne bayan wayarsa ta faɗa cikin bokitin fenti. Wuni guda ana nemansa daga asibiti ba a same shi ba, kuma duk lambobin 'yan ƙungiya suna cikin wayar. Allah ya taimaka ba a rasa rai ba, amma Sakatare, wani malamin makaranta mai son tsari, ya ce ba zai yiwu rayukan mutane su rataya a aljihun mutum ɗaya ba. Aka ce to ga 'yar gida. Babbar 'yarmu aikin kwamfuta take yi a wani kamfani, babanta ne ya sa mata Injiniya tun tana kwance rediyonsa, sunan ya bi ta har gidan miji. Ta ce za ta yi musu kyauta, da sharaɗin a zauna a tsara kafin ta taɓa kwamfuta.

Aka zauna a falonmu wata Asabar da yamma. Na kwashe kwalaben furen roba daga kan teburi, Injiniya ta baje fararen takardu, ta ce kowace takarda shafi ɗaya ce, su faɗi abin da suke so a kai. Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Sakatare yana son tarihin ƙungiya daga farko har yau. Ma'aji yana son hoton kowane ɗan kwamiti da muƙaminsa a ƙasa, nasa kuma wanda ya ɗauka da tabarau. Wani ya ce a sa kiɗa mai taushi da zarar an buɗe. Direba, wani ƙaton direban bas da tabon allura ya cika gwiwar hannayensa biyu, ya ce shi dai kar a sa hotonsa na katin aiki, don a ciki kamar ɓarawon awaki ya fito. Aka yi dariya.

Injiniya ta bar su suka gaji, sannan ta ce, "Kawunnaina, ku yi haƙuri. Wanda zai buɗe shafin nan ba a falo yake zaune ba. Yana tsaye ne a barandar asibiti, wayarsa ƙarama ce, datarsa ta kusa ƙarewa. Ba tarihinmu yake nema ba, ba kuma tabarau ɗin Kawu Ma'aji ba. So yake ya danna sau biyu ya ji muryar mutum."

Ta ture takardun gefe ta bar uku. A ta farko ta zana babban akwati a tsakiya ta rubuta "Ina neman jini". Wanda ya danna zai zaɓi rukunin jinin, sai sunayen masu irinsa su fito da lambobin wayarsu. Ta biyu ta masu son shiga ƙungiya ce. Ta uku, ta ce, a nan za a matse tarihi da hotuna, ƙanana, don kar shafin ya yi nauyi ya ƙi buɗuwa. Ta kuma ce duk wanda ya ba da jini kwanan nan, sunansa zai ɓuya da kansa har sai lokacin sake bayarwarsa ya yi, don kar a riƙa damun wanda jikinsa bai gama mayarwa ba. Direba ya jinjina kai ya ce wannan yarinya ta san ciwon mutane.

Aka zo kan abin da za a rubuta a saman shafin farko. Sakatare ya ce ai ba sai an wahala ba, maganar Shugaba za a sa. Duk suka haɗa baki: cizon sauro ne, kafin ka ce wash an gama. Ina tsaye da tiren kofuna na kalli mijina. Ya sunkuyar da kai yana gyara agogonsa da bai lalace ba.

Daga nan Injiniya ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar rukunin jini, da ko mutum ya yarda a sa lambarsa duniya ta gani. Ta nace a kan yardar, ta ce ba za ta sa lambar kowa ba sai ya faɗa da bakinsa. Da ta zo kan babanta ya ce, "Ni ki bar nawa tukuna. Ni mai jigila ne, in aka cika wayata da kira wa zai kwaso mutane?" Kowa ya ga hikimar maganar, aka wuce.

Da an tsaya nan da ba abin da zai faru. Amma sai na sa baki. Na ce ni a ganina a ƙara wani wuri da za a rubuta abin da mutum zai ci kafin ya je bayarwa, don na sha ganin samari sun tafi da cikin wofi sun dawo suna layi kamar za su faɗi. Shawara ce mai kyau, Injiniya ma har ta ɗauki biro. Sai mijina, wanda tun ɗazu a takure yake yana neman inda zai sauke, ya ɗago ya ce, "Maman yara, ki bar wannan. Magana ce ta masu ba da jini."

A gaban mutane ya faɗa. Ma'aji ya yi 'yar dariya, sauran suka kalli kofunansu. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Masu ba da jini? Shi? Maganar ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta da ƙyar, na ɗauki tirena na shige kicin. Na wanke kofunan nan kamar su suka yi mini laifi, har ɗaya ya tsage.

Washegari Injiniya ta dawo da kwamfutarta, ta zauna a teburin cin abinci tana haɗa shafin. Babanta yana shago. Ina ta kai-kawo a bayanta ina kallon yadda akwatin da ta zana a takarda ya zama jan madanni a fuskar kwamfuta. Takan rage hoto, ta buɗe a tsohuwar wayata ta ga ko zai fito da sauri, ta yi tsaki, ta sake ragewa. Da ta zo rukunin O negetif sai ta ce, "Umma, kin ga matsala. Mutum ɗaya ne kawai, Kawu Direba. Shi ma bai daɗe da bayarwa ba, sunansa zai ɓuya. Wanda ya danna nan ba zai ga kowa ba."

Na shiga ɗaki na jawo durowar ƙasa ta wadrob, inda muke ajiye takardun haihuwar yara da rasit ɗin firji. Tsohon katin asibitin mijina yana nan, ya yi ruwan ƙasa, rukunin jininsa a rubuce ɓaro-ɓaro. Na kawo na ajiye mata a gefen kwamfuta.

Ta duba ta zaro ido. "Baba O negetif ne? Shi ne bai taɓa faɗa ba? Amma jiya ya ce a bar nasa."

Na ce, "Ya sake shawara. Shi ya ce in ba ki."

"Kin tabbata, Umma? Bari in kira shi."

"Yanzu ni ce zan yi miki ƙarya? Yana da masu saye a shago, kar ki dame shi."

Ta yarda da ni, don uwarta ce ni. Ina kallo ta rubuta sunansa da lambarsa. A raina na ce ai irin jinin nan ba kullum ake nemansa ba, kawai dai wata rana ya buɗe ya ga sunansa, hantarsa ta kaɗa, ya san cewa ba a yi mini gori a falona. Iyakar abin da na hango ke nan.

Aka gama shafi, aka saki adireshinsa, 'yan ƙungiya suka yi ta turawa a waya. Sakatare ya buga shi a takarda ya manna a allon sanarwar asibiti da ƙofar kantin magani. Mijina ya buɗe shafin farko ya ga maganarsa da manyan baƙaƙe, ya rufe, bai ƙara dannawa ciki ba. Kullum ina cewa gobe zan gaya wa Injiniya ta cire sunan, kullum sai in tuna dariyar Ma'aji in fasa.

Kiran ya zo wata rana da azahar muna cin abinci. Wayar tana kan teburi, ya danna lasifika saboda hannunsa da maiƙo. Muryar namiji ce, tana karkarwa. Ya ce shi mai walda ne, matarsa ta haihu da safe, jini ya ƙi tsayawa, asibiti ba su da irin nata. Mijina ya fara abin da ya saba, yana share hannu yana cewa ka kwantar da hankalinka, wane rukuni ne, yanzu zan nemo maka mutum.

Mutumin ya ce, "O negetif ne. Ba sai ka nemo kowa ba, ranka ya daɗe, ai sunanka na gani a shafinku. Kai kaɗai ne a wurin. Na ma gaya wa likita an samu, na ce wa 'yan uwana su daina yawon nema. Don Allah ka zo."

Mijina ya kalli wayar, sannan ya kalle ni. Bai tambaye ni komai ba. Mutum biyu ne a duniya suka san inda katin nan yake, kuma ya san ba shi ya ɗauko ba. Loma tana bakina na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Ya ce wa mutumin, "Ga ni nan zuwa." Ya kashe, ya kira Direba ko za a dace. Direba ya ce wallahi da zai yiwu da ya bayar, amma ba za su karɓa ba, lokacinsa bai yi ba, sai dai zai zo asibitin. Ya kira wasu ƙungiyoyi biyu na nesa, ɗaya ba a ɗauka ba, ɗaya suka ce nasu mutumin ya yi tafiya. Ya ajiye wayar, gumi yana bin gefen kunnensa. Can ya miƙe ya ɗauki makulli, makullin ya faɗi, ya sake ɗauka ya sake faɗuwa.

Na ce, "Malam, kawo in tuƙa."

Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na zari mayafina muka fita. A hanya na buɗe baki na ce, "Ni ce na ba ta katin. Yarinyar ba ta da laifi, ƙarya na yi mata." Ya ce, "Na sani. Ki kula da mai keken can." Har muka isa bai ƙara cewa uffan ba, kuma da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Kafin mu isa labari ya riga mu. Direba ya gaya wa Sakatare, Sakatare ya gaya wa kowa, ya kuma kira Injiniya ya ce ta zo da wayarta mai kyau, yau za a samu hoton da ya dace da shafin farko, Shugaba da kansa a kan gado. Muka tarar da su cike da barandar, suna ta fara'a kamar ana rabon kyauta. Mai walda yana tsaye a gefe da rigar aikinsa mai ƙonannun huji, idanunsa jajur. Da aka nuna masa mijina sai ya kama hannunsa da hannu biyu.

Benci na nan inda yake, bencin da mijina ya shekara da shekaru yana zama. Ya wuce shi. Na bi bayansa muka shiga ɗakin da bai taɓa shiga ba, 'yan ƙungiya suka cika bakin ƙofa. Gadaje biyu ne masu shimfiɗar leda, da firji mai ƙofar gilashi, da warin maganin goge fata. Nas ɗin, wata dattijuwa mai gajeren haƙuri, ta san shi sarai. Ta ce, "Yau Shugaba da kansa? To kawo yatsa mu duba." Ta ɗan soke shi a ɗan yatsa, ta matso ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya tak.

Ya kalli ɗigon. Na ga leɓensa ya yi fari, ya ce, "Maman yara," sai ya sulale daga kan kujera ya zube a ƙasa, hularsa ta gangara ƙarƙashin gado.

Wallahi ban taɓa jin shiru irin na bakin ƙofar nan ba. Nas ta ɗaga ƙafafunsa ta ɗora a kujera, ta ce a matsa a ba shi iska. Da ya buɗe ido ta dube shi ta ce, "Malam, ka taɓa ba da jini kuwa?" A hankali ta yi tambayar, amma kowa ya ji. Yana kwance a ƙasa, ƙafafu a sama, kai ba hula, ya ce, "Ban taɓa ba."

Ma'aji ya ce, "Ikon Allah." Sakatare ya cire tabaransa yana gogewa. Injiniya ta sauke wayarta ta juyo ta kalle ni, kallon da ya gaya mini ta gane komai, har da ƙaryar da na sa ta aikata da hannunta. Direba ne ya yi maganar da ta fi zafi, kuma ba da faɗa ya yi ta ba. Ya ce, "Shugaba, ranar da ka fara kawo ni nan ina rawar jiki, kai ka ce mini cizon sauro ne. Na yarda ne don na ɗauka ka sani." Mijina ya rufe ido.

Nas ta ce ba za ta ɗibi jinin mutumin da ya suma ba, ba ta son a samu marasa lafiya biyu. Mai walda ya jingina da bango ya dafe kai. Na kalle shi na tuna ya sallami 'yan uwansa daga nema saboda sunan da na sa a shafin nan don in huce haushin falo. Matarsa tana can ciki jini na zuba, ni kuma ina nan da mayafina mai tsada. Na ji ƙyamar kaina.

Mijina ya tashi zaune ya ce a kira likita. Likitan ya zo, matashi ne, a gajiye. Mijina ya ce masa, "Lafiyata ƙalau, ba ni da ciwon komai, tsoro ne kawai. Idona ne matsalar, ba jinin ba. In ban gani ba ba zan faɗi ba." Likita ya tambayi nas ko an samu wani, ta ce babu. Ya ce a ba shi abin sha mai zaƙi, ya kwanta ya huta, a sake auna shi. In awon ya daidaita a ɗiba yana kwance, in ya sake yin ƙasa a cire allura nan take, kuma ba roƙo. Direba ne ya fita ya sayo lemon, ya buɗe ya miƙa masa.

Aka auna, ya daidaita. Ya hau gadon ya naɗe hannun riga da kansa, ya miƙa hannun gefe. Duk gadon rawa yake. Ya ce, "Maman yara, ara mini mayafinki." Na cire na ninka biyu na rufe masa fuska, na zauna a gefen kansa na riƙe ɗayan hannun. Tafinsa sanyi ƙalau, jiƙe da gumi. Nas ta ɗaure damtsen, ta goge, ta ce ya dunƙule hannu. Da allurar ta shiga ya matse yatsuna har na ji zobena ya nutse cikin nama, amma bai yi motsi ba.

Ni na kalla a madadinsa. Jinin ya bi siririyar robar ya gangara cikin leda, ledar tana lilo a kan ɗan injinta tana kumbura a hankali. Nas tana ce masa buɗe hannu, rufe hannu, yana yi. A bakin ƙofa kuwa, Sakatare ya taɓa Injiniya ya nuna mata wayarta, ta girgiza kai ta saka ta a jaka.

Ba a daɗe ba nas ta ce, "Shi ke nan." Ta zare allurar ta danna auduga, ta naɗe masa hannun. Ta ɗauki ledar ta rubuta a jiki ta fita da ita da sauri, mai walda ya bi ta a baya yana waiwayen gadon yana addu'ar da ba ta fita sosai. 'Yan ƙungiya suka saki numfashi. Ma'aji har ya fara tafi, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

Na sunkuya na ce, "Malam, an gama. Sun tafi da shi." Na kai hannu zan ɗage mayafin sai ya riƙe gefensa.

Daga ƙarƙashin mayafin ya ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "An gama?"

"An gama."

"Ashe iyakar abin ke nan?" Sai ya sake cewa, "Iyakarsa ke nan, Maman yara. Da Auta..."

Bai ƙarasa ba. Na ga mayafin ya fara jiƙewa daidai idanunsa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka ba sauti. Shekarun nan duka ina yi masa ba'ar sauro, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me yake gani ba in ya zauna a bencin can yana kallon ƙofar nan. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi.

Direba ya matso bakin gadon da hular da ya ciro daga ƙarƙashi, yana kaɗe mata ƙura. Sauran ma suka fara shigowa, Sakatare yana cewa a buɗe masa fuska ya sha iska, a yi masa barka. Na miƙe na tsaya tsakaninsu da gadon, kaina ba mayafi, na ɗora hannu a kan wanda ke fuskarsa na danne gefensa da kyau.

Na ce, "Jiri ne bai sake shi ba. Ku jira shi a benci."